Ranar da Maliki Bai Ce a Dakata Ba

A gidanmu na Sandamu akwai wani gero da ba a kai shi kasuwa, ko da yunwa ta yi yunwa. Geron Nu'uman muke ce masa, don kakanmu Nu'uman ne ya zo da shi a jakar fata daga arewa, can bayan Kongolam, shekarar da ya dawo daga yawon neman abinci. Zangarniyarsa gajera ce, amma tana da gashi kamar gemun bunsuru, tsuntsu ba ya iya sauka a kanta, kuma kwana saba'in ya ishe shi ya nuna. Furarsa kuwa sai wanda ya sha. Ni Zubaida da kununsa aka yaye ni, da shi kuma aka yi mini gara lokacin da aka kai ni Daura. Bayan rasuwar mahaifinmu, yayana Malam Harisu ne ya riƙe irin. Kowace kaka shi da kansa yake shiga gona ya zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika, ya ɗaure dami guda, ya rataye shi can saman rumbu inda hannun mai daka ba ya kaiwa.

Labarin nan na geron ne, kuma na ɗan Yaya Harisu ne, Maliki, wanda yake faɗin yadda gari zai kasance a talabijin. In ba ku san shi da Maliki ba, to kun san shi da Malam Wataƙila.

Maliki ɗan fari ne. A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya zaman hira da shi, in an yabe shi a gabansa sai ya kau da kai kamar ba da shi ake ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma gwargwadon yadda ɗan yake a ransa gwargwadon nauyinta. Amma Yaya Harisu ya riƙe tasa fiye da duk wanda na sani. "Wancan" yake cewa. Da yaron ya girma ya tafi Katsina, sai ya koma "mutumin birni". Uwarsa Hadijatu, Allah ya jiƙanta, ita ma kunyar take yi, don haka ana yaye shi aka miƙo mini shi Daura. Ni na goya shi, ni na sa shi makaranta, kuma tun daga lokacin duk maganar da za ta shiga tsakanin uban da ɗan, ta bakina take bi.

Tun yana firamare yake da wata ɗabi'a. Gwangwanin madara yake ɗorawa a kan katangata, ga wani tsinke da ya yi wa zane-zane da reza. Ana ɗauke ruwa zai fita a guje ya tsoma tsinken, ya rubuta a bayan littafin lissafi.

"Gwaggo, na yau ya fi na shekaranjiya da zane uku."

"To sai mu dafa zanen mu ci," in ce masa. "Sauko mini daga katanga kafin ka rushe ta."

Ashe abincinsa ke nan. Ya yi jami'a, ya yi shekara huɗu a ofishin masu auna yanayi, sannan wani gidan talabijin ya ɗauke shi, don sun rasa wanda zai iya juya takardar turawa zuwa maganar da manomi zai gane. Ranar da ya fara fitowa, matan unguwarmu suka cika mini ɗaki har tsakar gida. Ga shi nan da farar hula, da sanda a hannu, yana nuna wani allo da aka zana ƙasar Katsina a kai, yana manna ɗan hoton girgije a kan Daura. Ni dai ban ji ko kalma ɗaya ba, kuka nake yi.

Minti biyar suka ba shi a lokacin, bayan labaran Hausa na ƙarfe biyar. Daga baya aka cire allon aka kawo wani koren ƙyalle, wai shi ba ya ganin komai a bayansa, mu ne muke ganin taswira. Wata ranar Juma'a ya manta ya sa koriyar riga, sai ga kai da hannuwa kawai suna yawo a kan Funtuwa. An yi shekara ana ba da wannan labari a tashar Daura.

Sunan Wataƙila kuwa daga bakinsa ya samo shi. Ba ya taɓa cewa za a yi ruwa ya tsaya nan. Sai ya ce ana sa ran, akwai yiwuwa, kashi shida cikin goma, in Allah ya yarda. In ya zo Daura ranar kasuwa, masu babur su riƙa ɗaga masa murya.

"Malam Wataƙila! Yau in shanya barkono ko in bari?"

"Ranka ya daɗe, matata za ta haihu, wataƙila mace wataƙila namiji, ko ba haka ba?"

Shi dai ya yi murmushi ya wuce. In an yi ruwan da ya faɗa, Allah ne ya kawo. In ba a yi ba, Maliki ne ya yi ƙarya. Wani liman ma ya taɓa sa shi a huɗuba, bai kama suna ba, amma ya ce akwai masu duba da suka sa kwat suka shiga akwatin talabijin.

Abu ɗaya ne ya fi riƙewa a aikin nan, kuma a kansa aka fi yi masa dariya. Duk farkon damina, in ya ga ruwan farko na yaudara ne, wanda yake sauka da ƙarfi ya ja mutane gona sannan sama ta kulle, to bayan ya gama nuna taswira sai ya ajiye sanda ya dubi mutane ya ce, "Manoma, wannan ba ruwan shuka ba ne. Don Allah a dakata." Har yara sun haddace, suna kwaikwayonsa a bakin rijiya.

A Sandamu ba wanda yake dakatawa don Maliki ya ce. Ubansa suke kallo. Yaya Harisu ya yi suna wajen gane ruwan shuka, shekara da shekaru bai taɓa yin shuka ta ƙone ba. In aka wayi gari bayan ruwa, maƙwabta leƙen ƙofarsa suke yi. In ya fito da sungumi a kafaɗa, gari ya fita. In ya shimfiɗa buzu a gindin dalbejiya ya kama tufkar igiya, kowa ya mayar da iri ɗaki. Suna cewa gadon Nu'uman ne, hancinsa yana shaƙo damina. Suna kuma cewa, abin mamaki, uba da baiwa, ɗa da takardar jami'a, amma sai wataƙila.

Wannan magana ta daɗe tana cin Maliki. Ya sha tambayata.

"Gwaggo, Baba ya taɓa kallona kuwa?"

"Kai ma ka san ba zai zauna cikin mutane yana kallon ɗan farinsa ba."

"Ko a ce ya taɓa tambaya."

Bai taɓa ba, ni kuma ban iya yi masa ƙarya. Abin da na sani game da yammacin Yaya shi ne, yana da wani tsohon keke da kullum tayarsa take sacewa, kullum bayan la'asar sai ya tura shi shagon Okafor mai kayan babur a sa masa iska. Na sha ce masa ya sayi sabuwar taya mu huta.

Shekaru suka tafi. Minti biyar ɗin Maliki ya koma uku, uku ya koma ɗaya da rabi. Gashinsa ya yi fari a cikin akwatin nan muna kallo. Geron Nu'uman shi ma ya yi ta ja da baya. Gidajen da Yaya ya taɓa ba su irin suka koma na kamfani mai zuwa a leda. Aka yi shekara biyu a jere tsutsa tana cin zangarniya tun tana tsaye. Shekarar da nake ba ku labari, da Yaya ya sauko da damin iri ya sussuke, tiya biyu ya samu. A duk Sandamu da ƙauyukanta, iyakar abin da ya rage ke nan.

Abin da ya faru a gidan talabijin ranar wata Talata a ƙarshen watan Mayu, ban san shi ba sai daga baya, da Maliki ya zauna a ɗakina ya faɗa mini. An kawo musu sabon manaja, yaro ne, sa'ar ƙanensa. Shi ya samo wani kamfanin iri da taki ya sayi minti ɗaya da rabin nan, ana gama yanayi sai tallarsu ta biyo. Saura rabin awa a fara labarai ya kira Maliki ofis, takardar da Maliki ya rubuta tana hannunsa.

"Baba Maliki, wannan dakata-dakatar taka fa?"

"Ranka ya daɗe, gobe za a yi ruwa mai yawa a Daura da Sandamu da Mai'aduwa. Amma bayansa sama za ta tsaya, kwana goma sha takwas ko ashirin. Duk wanda ya shuka zai yi asara."

"Tabbas?"

"Kashi bakwai cikin goma."

Manaja ya kwashe da dariya. "Ka ji ka ko? Shi ya sa suka sa maka sunan nan. Mutanen nan sun loda mota shida sun tura ƙasar Daura, kai kuma ka fito a lokacin da suka saya ka ce kada a shuka? Gobe za a yi ruwa?"

"Za a yi."

"To faɗi wannan ka tsaya. Ai ban ce ka yi ƙarya ba. Kuma tsakaninmu, Baba, wa yake kallonka yanzu? Kowa da wayarsa a hannu. In abin ya yi maka nauyi, yarinyar da take karanta labarin wasanni ma ta iya nuna taswira."

Saura shekara biyu Maliki ya yi ritaya. Ya ce mini, "Gwaggo, na tsaya a gaban koren ƙyallen nan ina tunani. Shekara ashirin da uku ina cewa a dakata, ana yi mini dariya. Na ce a raina, maganar ma ba wanda ya ji, in na yi shiru rana ɗaya wa zai ji shirun?"

Ya faɗi ruwan gobe, gari-gari, daidai yadda yake a takarda. Da ya zo wurin da yake ajiye sanda, sai ya ce a kwana lafiya. Talla ta biyo.

Yana fitowa ya kira ni. Mu a unguwarmu kwana uku babu wuta, ban kalle shi ba.

"Gwaggo, ki tafi gida gobe da sassafe. Ki ce wa Baba ruwan gobe ba na shuka ba ne, bayansa za a yi kwana ashirin babu ɗigo. Kada ya taɓa tiya biyun nan sai na aiko."

"To. Lafiya na ji muryarka haka?"

"Lafiya lau. Ki tafi dai."

Bai gaya mini abin da ya yi ba, kunya ta hana shi. Da ya faɗa mini, da na san abin da zan ce wa Yaya.

Da hantsi mai babur ya sauke ni a ƙofar gida. Gari ya yi zafi, iska ta tsaya cik, gabas ta fara haɗa baƙi. Na tarar da Yaya a gindin dalbejiya yana sa wa sungumi sabuwar ƙota. Na durƙusa muka gaisa, na tambayi gwiwa, ya tambayi jikoki.

"Yaya, yaron nan yana gaishe ka."

"Mhm."

"Ya ce ruwan da za a yi yau ba na shuka ba ne. Ya ce bayansa za a yi kwana ashirin babu ɗigo. Ya ce don Allah kada a taɓa irin nan."

Hannunsa ya tsaya a kan ƙotar. "Yaushe ya faɗa?"

"Jiya, dab da magariba."

"A ina?"

"A ina kuwa, Yaya? A waya mana."

Sai na ga ya saki fuska, ya ci gaba da aikinsa. "Bara ya aiko ki in daina hawa keke. Da azumi ya aiko ki in ba da gonar aro, wai gwiwata. Yau kuma da sama ya aiko ki."

"Wannan daban ne, Yaya. Na ji a muryarsa."

"Zubaida, mutumin da yake tsayawa gaban jama'ar ƙasa guda, abin da ya sani a can yake faɗinsa. Abin da ake gaya wa gwaggo a waya, wannan tausayin tsoho ne. Ki ce masa na gode."

Na ɗauka gatse yake yi, irin nasa. Ban bi maganar ba.

Bayan azahar ruwa ya kece. Ruwa ne na gaske, har kwata ta cika ta shigo zaure, yara suna ta tsalle a cikinsa. Na kwana a nan. Da gari ya waye Yaya ya fita bayan gida ya tona ƙasa da hannu, lema ta wuce wuyan hannunsa. Ya dawo ya ɗauki sungumi ya saɓa a kafaɗa, ya miƙo mini ƙwarya. Ina jin ƙofofin maƙwabta suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya.

Ya juye tiya biyun duka a ƙwaryar.

"Yaya, a rage ko rabin tiya."

"Bana ba shekarar ragewa ba ce. Damina ta zo da wuri. In muka cika gonar da shi, baɗi sai in raba wa mutane ya dawo gari."

Shi yana gaba yana sara, yana ɗingisa ƙafa, ni ina biye ina zuba ƙwaya ina rufewa da diddige, yadda muke yi tun muna yara a bayan mahaifinmu. Rabona da in ga Yaya cikin farin ciki irin na ranar har na manta, har waƙar shuka ya riƙa yi ƙasa-ƙasa. Wajen tsakiyar gona zuciyata ta ce mini in damƙi ɗan kaɗan in ƙulle a bakin zane, ba zai sani ba. Na damƙa ma. Sai na dubi bayansa, na ce mutumin da bai taɓa kuskuren shuka ba, ni wace ce? Na mayar cikin ƙwarya. Da hannuna na zuba ƙwayar ƙarshe a ramin ƙarshe, wajen kan iyaka, kusa da wata sabara.

Kwana huɗu gero ya tsiro, gona ta yi kore shar kamar an jera allurai. Kwana bakwai ba hadari. Kwana goma ganye ya fara naɗewa da rana, ya ɗan buɗe da safe. Daga nan ya daina buɗewa. Wata iska mai zafi ta taso tana kwasar yashi tana yanka tsiron a gindi. Ran kwana goma sha huɗu aka fita roƙon ruwa, maza da yara, har da dabbobi. Sama ta yi fari fat kamar an wanke ta. Ran kwana goma sha bakwai, in ka tsaya a gonar Yaya ba ka cewa an taɓa shuka wani abu a wurin. Haka gonakin duk waɗanda suka bi shi.

Ran Asabar Maliki ya zo Daura da motarsa ya ɗauke ni. Muka kama hanya har muka shiga Sandamu. Muna wucewa ta bakin titi sai ga Okafor ya fito daga shago yana ɗaga hannu. Okafor ya fi shekara talatin a garin, 'ya'yansa duk a nan aka haife su, Hausa a bakinsa kamar tamu.

"Oga Maliki! Tsaya. Sauko, ina da magana da kai. Gwaggo, ke ma zo ki ji."

Bai kai mu cikin shago ba. Zagayawa ya yi da mu baya, inda ake tara tsofaffin tayoyi. A nan ga wani ɗan benci jingine da bango, daidai ƙarƙashin taga, wurin zaman ya yi sulɓi.

"Ka san bencin wane ne wannan?"

Maliki ya girgiza kai.

"Na babanka ne. Tun ina da ƙaramar talabijin mai aiki da batirin mota. Biyar da kwata zai turo keke ya ce, Okafor, taya ta sace. Tayar nan lafiyarta ƙalau, shi yake sace ta a hanya. In kama sa iska, shi ya zagayo nan ya zauna ya ba taga baya. Ni kuma in shiga in ƙara murya. Bai taɓa ganin fuskarka a ciki ba, ko sau ɗaya. In ka gama ya taso ya ce, Okafor, nawa ne iska? In ce, Baba, iska ta Allah ce. Matata Mgbeke ta sha cewa in shigo da shi ya zauna a kujera kamar mutum, in ce ki bar shi, ke ba ki san mutanen nan ba."

Maliki ya dafa bango.

"Duk ranar da ka ce a dakata, washegari za ka gan shi a gindin bishiya yana tufkar igiya. Ni kaɗai na san inda hancin nan nasa yake shaƙo damina, ban taɓa gaya wa kowa ba. To ranar Talatar da ta gabaci ruwan nan, da ka gama, bai tashi ba. Ya ce, Okafor, ko ka rage murya ne? Na ce a'a, Baba. Ya ce, bayan ruwan bai ƙara komai ba? Na ce bai ƙara ba, talla ce ta biyo. Ya ce, Alhamdu lillahi, bana da wuri ta zo." Okafor ya share fuska da tsumman hannunsa. "Oga, injin naku ne ya lalace, ko me? Don tsohon nan kwana goma ke nan bai zo shan iska ba."

Maliki ya zauna a kan bencin, ya juya kai ya dubi tagar da take sama da shi, ya daɗe a haka. Ni kuwa sai a lokacin maganar gindin dalbejiya ta dawo mini, kalma bayan kalma.

A gona muka sami Yaya. Yana tsaye wajen sabarar nan, yana tona ramukan shuka da tsinin sanda, ko akwai ƙwayar da ba ta tsiro ba. Babu. Lemar ranar farko ta tayar da su duka. Maliki ya cire takalmi tun daga kan iyaka, ya tako cikin yashi mai zafi, ya durƙusa nesa kaɗan. Ya gaishe shi. Yaya bai juyo ba, ni ya duba.

"Zubaida, tambayar mini mutumin birni. Ya sani ko bai sani ba?"

Ban kai ga buɗe baki ba Maliki ya ce, "Na sani, Baba."

"Tambaye shi, lokacin da yake tsaye a cikin akwatin nan, ya riga ya sani?"

"Na riga na sani."

"An ɗaure masa baki ne?"

"An ce in yi shiru, na yi. Na zaci ba mai saurare, Baba. Wallahi na zaci ba mai saurare."

Yaya ya dubi gonar daga wannan gefe zuwa wancan, ya dubi gonakin maƙwabta da suka bi bayansa. Sannan ya juyo, ya dubi ɗansa ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tun ranar suna.

"Tashi, Maliki," ya ce. "Ƙasar da zafi. Ka sa takalminka."

Shekara hamsin da ɗaya ina fatan in ji sunan nan a bakin Yaya. Ya faɗe shi sarai, ba nauyi, ba kau da kai, yadda zai kira ɗan maƙwabci ko mai sayar da gishiri. Maliki ma ya gane. Ya kifa goshi a kan yashi yana kuka, babban mutum mai furfura, uban ya raɓa ta gefensa ya nufi gida.

Ran kwana ashirin da biyu ruwa ya dawo, bai sake tsayawa ba. Duk wanda shukarsa ta ƙone sai da ya sake sayen iri, don haka kamfanin nan ya sayar sau biyu a shekara ɗaya, na ji har an ƙara wa manaja girma. Yaya ma na leda ya shuka. Maliki ya ɗauki hutu ya ƙetare Kongolam, ya yi kwana tara yana bin ƙauyuka da wata busasshiyar zangarniya mara ƙwaya da ya tsinta a gindin rumbu, yana nuna wa tsofaffi gashinta. Wasu suka ce sun san shi a da. Ba wanda yake da shi.

Ya koma ya ƙarasa shekara biyunsa. Damina ta gaba ya ajiye sanda ya ce a dakata, ba wanda ya hana shi, ban kuma san wanda ya dakata ba. A Sandamu an daina leƙen ƙofar Yaya, an ce tsufa ya toshe masa hanci, shi kuma bai taɓa kare kansa ba. Tayar kekensa ba ta sake sacewa ba.

Yanzu Maliki yakan zo gida duk ƙarshen wata, ba sai ya biyo ta wajena ba. Yaya yakan fito da kansa ya ce, "A'a, Maliki ne? Sannu da hanya." Ya sa a shimfiɗa masa sabuwar tabarma, wadda ake ajiye wa baƙi, a kawo masa fura ta geron leda. Su yi hirar hanya da tsadar mai da wanda ya rasu. In hadari ya taso suna zaune, Yaya yakan ɗaga kai ya dube shi shi kaɗai, ba ya tambaya.